Babi na Shida: Makokin da Ba a Shimfiɗa wa Tabarma

A shekarar 1944 wata matar aure baƙar fata, mai shekara 27, mazauniyar kudancin birnin Shikago na Amurka, ta tattara waƙoƙin da ta rubuta ta aika wa kamfanin buga littattafai na Harper. Sunanta Gwendolyn Brooks. Kamfanin ya miƙa rubutun ga Richard Wright don ya duba, domin shi ma ya zauna a unguwannin da take magana a kansu, kuma littafinsa Native Son ya riga ya girgiza ƙasar tun 1940. Wright ya yaba ƙwarai. Ya ce matar nan ta san mutanenta, ya ce a buga, ya kuma ba da shawarar ta ƙara doguwar waƙa guda don littafin ya yi nauyi. Waƙa ɗaya ce kawai ta tsaya masa a wuya, wata gajeruwa mai suna the mother, wato uwa, wadda a cikinta wata mace ke magana da 'ya'yan da ta zubar da cikinsu. A ganinsa wannan batu ba ya waƙuwa, ko kuma dai ba a haifi mawaƙin da zai iya ɗaga shi zuwa matsayin waƙa ba tukuna.

Brooks ta karɓi shawarar ƙarin doguwar waƙa, amma ta ƙi cire wannan. Littafin ya fito a 1945 da sunan A Street in Bronzeville, da waƙar a ciki. A 1950 littafinta na biyu, Annie Allen, ya ci kyautar Pulitzer, ta zama baƙar fata ta farko da ta taɓa samun wannan kyauta. Waƙar da aka so a yar kuwa ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi karantawa a duk abin da ta rubuta, kuma ita kanta ta yi ta karanta ta a gaban jama'a har tsufanta.

Ba na so mu yi saurin yi wa Wright dariya, domin damuwarsa tana da tushe. Marsiyya, wato waƙar makoki, tana da abin da take tsayawa a kai. Akwai sunan mamaci, akwai halayensa da ayyukansa da za a jera, akwai kuma jama'ar da suka san shi, waɗanda za su gyaɗa kai su ce haka ne. Khansa'u, mawaƙiyar Larabawa, tana da kyautar ɗan'uwanta Sakhru da jarumtarsa da za ta ambata. Nana Asma'u tana da ilimin Muhammadu Bello da adalcinsa, tana da shekarun da ta yi tare da aminiyarta A'isha. To matar da ta zubar da ciki me za ta jera? Wanda take kuka dominsa ba a yanka masa rago ba, bai taɓa yin wani abu da za a tuna ba, babu wanda ya ga fuskarsa. Abin da ya fi wannan nauyi, mai kukan tana da hannu a cikin rashin. Duk ginshiƙan da aka saba kafa waƙar makoki a kansu babu ko ɗaya a nan. Abin da Brooks ta yi shi ne ta gina waƙar a kan wannan babun.

Kafin mu shiga cikin waƙar, sai mun leƙa ɗakin da aka rubuta ta. A 1910 baƙaƙen fata a Shikago kimanin dubu 44 ne. Zuwa 1940 sun kusa dubu 278, yawancinsu 'yan gudun ƙunci daga jihohin kudu, masu neman aiki a mayanka da masana'antun ƙarfe. Amma unguwannin da aka yarda su zauna ba su faɗaɗa yadda yawansu ya faɗaɗa ba, domin masu gidaje fararen fata sukan rattaba hannu a kan yarjejeniyar ba za su sayar wa baƙar fata ko su ba shi haya ba. Sai masu gidajen haya a Bronzeville, unguwar baƙaƙen fata, suka riƙa yanka gida ɗaya na iyali guda zuwa ɗakuna shida ko bakwai, kowane ɗaki da ɗan murhunsa a lungu, a zuba iyali guda a ciki, banɗaki ɗaya a ƙarshen baranda kowa ya bi layi. Kuɗin hayar kuma ya fi na fararen da suka tashi daga gidan. Brooks da mijinta Henry Blakely da ɗansu na fari, wanda aka haifa a 1940, a irin wannan gida suka zauna. Ta bango kana jin tarin maƙwabci, kana jin faɗan miji da mata, kana jin warin albasar da ake soyawa a ɗaki na uku. Macen da ta ga batan wata a irin wannan ɗaki, ga yara uku a kan katifa ɗaya, ga miji da aikinsa yau akwai gobe babu, lissafin da take yi da dare ba mai daɗin ji ba ne.

Doka kuma ta rufe ƙofa. A wancan lokacin, tun daga ƙarni na 19, zubar da ciki laifi ne a jihar Illinois da Shikago ke ciki, kamar sauran jihohin ƙasar, sai fa idan ran uwa na cikin haɗari. Masu kuɗi sukan sami likita a ɓoye. Marasa shi sukan je wurin wanda aka raɗa musu sunansa a kunne, ko su yi wa kansu da abin da hannu ya kai. Babban asibitin gwamnati na gundumar Cook, inda talakan Shikago ke zuwa, sai da ya ware sashe guda don matan da ake kawowa da zubar jini da ruɓewar mahaifa. Wannan ce duniyar da matar cikin waƙar take ciki, kuma shi ya sa da Brooks ta tashi kare waƙarta a wurin editoci ta ce abin da ta ɗora wa nauyi shi ne talaucin da ke raba zuciyar uwa biyu. Abin lura shi ne a cikin waƙar kanta ba a ambaci talauci ko sau ɗaya ba. Matar ba ta kawo uzuri ba. Sauran waƙoƙin littafin, masu maganar ɗakunan haya da bashin kanti, su ne suka kewaye ta suka faɗi abin da ita ta ƙi faɗa, kuma ina ganin wannan kamewa ita ce rabin ƙarfin waƙar.

Baiti na farko ba da bakin “ni” aka yi shi ba. Muryar tana magana ne da wata “ke”, kamar babbar mace tana faɗa wa ƙarama abin da ke jiranta, ɗango biyu-biyu masu amsa-amo, a tsare, a natse. Tana gaya mata cewa abin ba ya barin mutum ya manta. Sannan ta shiga lissafa abubuwan da ba za su faru ba. A nan ne na fara sanin cewa marubuciyar ta san uwa ta gaske, ba uwar cikin hoton kalanda ba. Da wani ne, da ya jera shayarwa da goyo da rarrashi ya tsaya. Ita kuwa ta haɗa har da munanan sa'o'in uwa, lokacin da ake dukan yaro, lokacin da ake sakaci da shi, lokacin da ake toshe masa baki da alewa don a huta. Matar tana kewar har waɗannan. Duk wadda ta taɓa ɗaga hannu ta mari ɗanta, sannan ta kwana tana shafa kansa yana barci, ta san cewa wannan ma yana cikin arzikin haihuwa, kuma wadda aka hana ta shi an hana ta wani abu.

Daga nan sai murfin ya buɗe. “Ke” ta ɓace, “ni” ta fito, ashe tun farko da kanta take. Amsa-amon da ke tafiya a jere ya fara tangaɗi, ɗangogin suka riƙa tsawo da gajarta ba bisa ƙa'ida ba, kamar numfashin mai kuka. Kuma ba ta tsaya a kan “ni” ba, sai ta juya ta fuskanci yaran, ta kira su da irin sunayen shagwaɓar da uwa ke kiran ɗanta. Yaran, ba yaro ba. Brooks ba ta sauƙaƙa wa mai karatu ta ce sau ɗaya ne tsautsayi ya faɗa ba. Matar ta yi fiye da sau ɗaya, kuma duk da haka ana so ka zauna ka saurare ta.

Wata malamar adabi, Barbara Johnson, ta rubuta wata maƙala a 1986 wadda ta buɗe wa mutane da yawa ido a kan wannan juyi. Ta ce tsohuwar dabara ce a waƙa mutum ya kira abin da ba ya nan, ko abin da ba shi da rai, ya yi magana da shi kamar yana ji. Mawaƙan Larabawa na jahiliyya sun tsaya a kufai suna tambayar duwatsun murhu, mawaƙan Turai sun kira iska da teku. Amma duk wanda ka kira, to ka ba shi kunne, wanda ka ba kunne kuwa ka mai da shi wani. A waƙar iska wannan ado ne kawai, babu wanda zai kai ka kotu a kan ko iska mutum ce. A waƙar Brooks kuwa dabarar ta faɗa daidai kan tambayar da ƙasar gaba ɗaya ke rigima a kai: abin da aka zubar, wani ne ko ba wani ba ne? Da zarar matar ta buɗe baki ta kira su, ta raya su. Da ta raya su kuwa, laifinta ya yi nauyi. Amma idan ta ƙi kiransu don ta tsira daga laifin, to ba ta da wanda za ta yi wa kuka, alhali kukan yana nan a ƙirjinta. Kiran da ke ba ta damar makoki shi ne kuma ke tuhumarta, kuma ba ta da hanyar samun ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Saboda haka tsakiyar waƙar kokawa ce da harshe. Matar tana ɗaukar magana tana ajiyewa. Ta fara da sharaɗi, idan na yi zunubi, idan na ƙwace muku kaza da kaza, ta jera haihuwarsu da sunayensu da wasanninsu da aurensu, har da mutuwarsu ta tsufa, domin wanda ba a haifa ba an hana shi har irin mutuwar da kowa ke yi. Ta yi ƙoƙarin cewa da gangan ɗin nata ba cikakken gangan ba ne. Nan take ta tsawata wa kanta a kan neman mafaka, ta ce laifin na wa ne in ba nata ba. Ta ce sun mutu, sai ta ga kalmar ba ta zauna ba. Ta gyara ta ce ba a ma yi su ba, sai ta ga wannan ma ƙarya ce, domin sun yi jiki. Tana tambayar yadda za a faɗi gaskiyar, kuma ba ta sami amsa ba har waƙar ta ƙare. Abin da ta iya tsayawa a kai shi ne tana son su, kuma ta maimaita wannan har sau uku, ta rufe da kalma ɗaya tilo a ɗango na ƙarshe wadda ta game su duka.

Na sha jin masu karatu suna cewa wannan ƙarshe ya wanke ta. Ban yarda ba, kuma ina ganin Brooks ba ta nufi haka ba. Son bai goge laifin ba, laifin kuma bai ƙaryata son ba, an bar su biyun a tsaye a ɗaki ɗaya. Da-na-sani ƙeya ce, in ji Bahaushe, amma matar nan ba ta ma ce da ta sani da ba ta yi ba. Babu inda ta ce in aka mayar da ita baya za ta sake shawara. Tana baƙin ciki, tana ɗaukar alhaki, kuma ba ta janye abin da ta yi ba. Wannan matsayi ne da kotu ba ta da wurin ajiye shi, haka ma dandalin siyasa, domin su dole a ce ko mai laifi ko marar laifi.

Shi ya sa waƙar ta ba kowane ɓangare wahala. Bayan hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 22 ga Janairu 1973, wanda ya halatta zubar da ciki a duk ƙasar, har zuwa 24 ga Yuni 2022 da kotun ta rushe shi, masu adawa da abin sun so su ɗauki waƙar su ce ga shaida, uwa da bakinta ta kira su 'ya'ya. Masu goyon baya kuma sun ce ga shaida, ku dubi abin da talauci da doka suka jefa mata a ciki. Kowanne sai ya rufe wani sashe na waƙar da tafin hannu kafin ta yi masa aiki. Brooks, wadda ta rasu a 2000, ba ta yarda ta miƙa waƙar ga wata ƙungiya ba.

Akwai wata gaskiya da ya wajaba a faɗa a nan, don kada a ɗora wa waƙa kayan da ba nata ba. Waƙa ba ƙidaya ba ce. Masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun bi mata kusan dubu ɗaya na tsawon shekara biyar, wasu an zubar musu da cikin, wasu an mayar da su saboda cikin ya wuce wa'adi. A sakamakon da suka fitar a 2020, cikin mata 667 da aka yi wa, fiye da kashi 95 cikin ɗari sun ce bayan shekara biyar har yanzu suna ganin shawarar da suka yanke ita ce daidai, kuma abin da suka fi ambata shi ne samun sauƙi a rai. Binciken ya kuma nuna cewa waɗanda suka fi shan wahalar zuci su ne waɗanda tun farko shawarar ta yi musu wuya, da waɗanda ke jin jama'arsu za su ƙyamace su. Wannan a Amurka ne, a wani zamani, kuma ba ya gaya mana halin kowace mace a ko'ina. Amma ya isa ya hana mu cewa matar Brooks ita ce dukan mata. Ita mace ɗaya ce, kuma abin da ta faɗa bai ma yi karo da binciken ba, tunda mutum yana iya cewa shawarata daidai ce, kuma hawaye na zuba.

Wata mawaƙiya, Anne Sexton, ta zo da tata waƙar a kan wannan batu a 1962, cikin littafinta All My Pretty Ones. Farar fata ce daga gidan wadata a kusa da Boston, kuma waƙarta labarin tafiya ce da mota zuwa jihar Fensilbaniya, ta cikin duwatsun da aka farke ana haƙar kwal, zuwa wurin wani mutum, sannan a juyo gida. Amshi ɗaya ne ke dawowa sau uku, yana cewa wani da ya kamata a haifa ya tafi. Ba ta kira yaron ba, ta ce “wani” ne kawai, daga nesa. A ƙarshe ta juya wa kanta ta kira kanta matsoraciya, ta tilasta wa bakinta ya ambaci jariri da jini. Waƙa ce mai kaifi, amma a wurina ba ta kai ta Brooks ba, domin ta yanke hukunci. Ta zama alƙali da wadda ake tuhuma, ta buga guduma, shari'a ta tashi. Mai karatu ya ji zafin, amma ba a bar masa aikin yi ba.

Mai karatu na gida zai ce, to mu ina ruwanmu, ai hukuncin a bayyane yake. Haka ne. Malamai sun dogara da hadisin Ibn Mas'ud na matakan halitta arba'in-arba'in sau uku, sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan kwana 120 sai don ceton ran uwa, kuma mazhabar Malikiyya da muke bi ita ce ta fi tsanantawa, domin mashahurin zance a cikinta ya hana tun kafin kwana 40. Dokar Penal Code ta Arewacin Nijeriya ma ba ta buɗe ƙofa ba sai don ceton rai. Ba wannan babi ne zai taɓa ko ɗaya daga ciki ba, ni ma ban zo da niyyar haka ba. Tambayata ta bayan hukunci ce. Abin ya riga ya faru, ko likita ne ya ce sai an cire don ta rayu, ko yarinya ce aka yaudara uwarta ta ja ta cikin dare don a rufa asiri, ko matar aure ce da goyo a baya da wani a ciki ta sha abin da ta sha. Yanzu tana zaune. Ina za ta kai abin da ke ranta? A Risala an ce jaririn da bai yi kukan haihuwa ba ba a yi masa salla, ba ya gado ba a gadonsa. Wadda ta yi ɓari ma, da ba ta da laifin komai, abin da take samu shi ne “sannu, Allah ya kawo mai amfani,” a ba ta kunun kanwa, a wuce. Wadda ta zubar kuwa ko wannan ba ta samu, domin ba wanda ya sani, kuma ba ta so a sani. Babu tabarma a ƙofar gida, babu sadakar uku, babu maƙwabciyar da za ta shigo ta ce ya haƙuri. Ƙofar tuba a buɗe take, wannan babu shakka, kuma tsakaninta da Ubangijinta ne. Amma tuba da makoki ba abu ɗaya ba ne, mutum yana iya samun gafara kuma kewar tana nan.

Japanawa sun nemi tasu hanyar. Bayan dokar 1948 da ta buɗe ƙofar zubar da ciki a ƙasar, musamman daga shekarun 1970, wuraren ibadar Buddha suka riƙa gudanar da wani biki na tunawa da 'yan tayin da ba su zo duniya ba, inda ake kafa ɗan ƙaramin mutum-mutumin dutse a ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Wasu masana sun soki abin, sun ce akwai wuraren da suka mai da tsoron mata kasuwa, suna tsorata su da fushin ɗan tayi don su biya kuɗi. Ba al'adarmu ba ce kuma ba za ta zama ba. Na kawo ta ne don ta nuna cewa inda duk aka bar wannan baƙin ciki ba masauki, sai ya nemi inda zai sauka, wani lokaci a hannun wanda zai ci da shi. Waƙa aƙalla ba ta karɓar ko sisi.

Wadda ta ɗauki zaren daga hannun Brooks ta kai shi wani wuri dabam ita ce Lucille Clifton, wadda aka haifa a 1936 a jihar Niyok, 'yar ma'aikacin masana'antar ƙarfe, uwar 'ya'ya shida. Waƙarta the lost baby poem ta fito a 1972, shekara guda kafin hukuncin kotu, kuma gajeruwa ce ƙwarai, baiti uku, babu manyan baƙaƙe, kusan babu alamun tsayawa. A baiti na farko matar ta faɗi inda abin ya tafi, ba tare da lulluɓi ba: ta magudanar ruwan ƙazanta da ke ƙarƙashin birni, zuwa teku. Tana cewa a lokacin ba ta san komai game da ruwa da nutsewa ba, ko nutsar da wani. A baiti na biyu ta yi abin da Brooks ta ƙi yi, ta kawo dalili, amma ta kawo shi a matsayin labarin da take ba yaron: da an haife shi da a tsakiyar sanyin ƙanƙara zai zo, a shekarar da aka yanke musu gas, ba su da mota, kuma da ƙila hannun baƙi zai ƙare. Ba ta ce wannan ya isa hujja ba. Ta ce da yana nan da ta ba shi wannan labari da wasu.

Baiti na uku ne ya bambanta ta da kowa. Matar ta daina duban baya, ta yi rantsuwa. Ta ce idan ta taɓa gazawa wajen zama dutse ga 'yan'uwansa da suka rayu, to koguna su malale kanta, teku ta kira ta da sunan mai zubarwa, mutanenta su ɗauke ta baƙuwa. Wato ta ɗauki laifin ta mai da shi bashi, kuma ta faɗi waɗanda za ta biya: yaran da ke gabanta suna jiran abinci. Matar Brooks ta tsaya a kan so. Matar Clifton ta ɗaura ɗamara ta koma aiki, kuma yaron da bai sami suna ba ya zama shi ne mai riƙe da alkawarin, shi ne shaidar da za a tuhume ta a gabansa in ta saɓa. A cikin waƙoƙin nan uku, wannan ce nake ganin mace za ta iya rayuwa a cikinta shekara da shekaru, domin ta ba baƙin cikin abin yi da safe.

Clifton ba ta gama da batun a nan ba. Bayan shekaru, ƙodarta ta lalace, aka ce sai an yi mata dashe, kuma wadda ta ba ta ƙoda ita ce 'yarta ta cikinta. A littafinta Blessing the Boats, wanda ya ci babbar kyautar littafi ta ƙasar Amurka a 2000, akwai wata waƙa mai suna donor, wato mai bayarwa, da ta rubuta wa wannan 'ya. A ciki ta gaya mata a fili cewa shekara talatin da suka wuce ta yi iyakar ƙoƙarinta don kada ta haife ta, ta sha ƙwayoyi, ta yi amfani da ƙarfen rataye tufafi, amma cikin ya ƙi fita. Yanzu likitoci suna gaya mata cewa jikinta yana iya ƙin karɓar ƙodar, sai ta tuna cewa wannan jikin ya taɓa ƙoƙarin korar wannan yarinyar, yarinyar kuma ta ƙi tafiya.

Labari ne da mai wa'azi zai so ya ɗauka ya ce kun gani, kuma ba zan ce babu abin gani a ciki ba. Sai dai Clifton ba ta rubuta shi a matsayin wa'azi ba, ba ta kuma janye waƙar 1972 ba. Ta bar su biyun a cikin ayyukanta, ɗan da ya tafi da 'yar da ta zauna, ta yi magana da kowannensu kai tsaye, ta gaya wa kowanne abin da ta yi masa. Ta buga waƙar ta biyu 'yar tana raye, baligar mace mai iya karantawa, kuma Clifton ta ci gaba da rubutu har rasuwarta a watan Fabrairu na 2010.